Yadda Ake Gwada Maganin Gudawar Karnuka a Asibitin Dabbobi

Duk likitan dabbobin da ya jima yana duba karnuka ya san cewa gudawa tana cikin manyan dalilan da ke sa a kawo su asibiti, kuma ya san cewa mafi yawan gudawar da ta zo farat ɗaya takan tsaya da kanta cikin 'yan kwanaki, ko an ba da magani ko ba a bayar ba. Daga nan ne ruɗanin yake farawa. Idan aka rubuta wa kare Flagyl, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna metronidazol, ranar Litinin, cikinsa ya ɗaure ranar Alhamis, da likita da mai kare duk za su yaba wa maganin, alhali babu wanda ya ga abin da zai faru da an bar karen da abinci mai sauƙi da ruwa kawai. A shekarar 2019, Justin Shmalberg da abokan aikinsa a Jami'ar Fulorida ta Amurka sun raba karnuka 60 masu irin wannan gudawa gida uku. Waɗanda aka ba ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, wato furobayotik, bayan gidansu ya daidaita a matsakaicin kwana 3.5, waɗanda aka ba metronidazol a kwana 4.6, waɗanda kuma aka ba kafson fanko wanda babu magani a cikinsa a kwana 4.8, kuma lissafi bai nuna cewa bambancin ya wuce abin da dace kaɗai zai iya haifarwa ba. Irin wannan gwaji bai fi ƙarfin asibitocin koyarwa na Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ba, domin abin da ya fi buƙata shi ne tsari da haƙuri, ba na'urori masu tsada ba.

Matakin farko shi ne ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya, wadda za ta faɗi irin karnukan da za a duba, da abin da za a ba su, da abin da za a kwatanta shi da shi, da kuma abin da za a auna. Misali: a cikin manyan karnuka masu gudawar da ba ta wuce kwana 3 ba, shin furobayotik na kwana 7 yana rage yawan kwanakin da bayan gida ke ɗauka kafin ya daidaita, idan aka kwatanta da kafson fanko? Idan tambayar ta ƙi shiga jimla ɗaya, to tambayoyi biyu ne ko uku, sai ka zaɓi guda ka ajiye sauran. A nan ne kuma za ka raba gudawar farat ɗaya da wadda ta zama jiki. Likitoci sun saba ɗaukar mako 3 a matsayin iyaka, abin da ya wuce haka ciwon hanji ne mai daɗewa, kuma dalilansa da maganinsa da yadda ake auna saukinsa duk daban suke. Haɗa su a gwaji ɗaya yana ɓata sakamakon duka biyun.

Mataki na biyu, kafin a taɓa kare ko ɗaya, sai an kai rubutaccen tsarin aikin gaban kwamitin da ke kula da amfani da dabbobi a bincike na jami'ar ko cibiyar, an kuma sami amincewarsa a rubuce. Mujallun kirki ba sa karɓar aikin da ba shi da wannan izini, kuma ba a bayar da shi bayan an gama. Haka nan kowane mai kare sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, an gaya masa ƙarara cewa mai yiwuwa karensa ya faɗa rukunin da ba za a ba maganin ba, cewa yana da ikon janyewa a kowane lokaci ba tare da an daina kula da karensa ba, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Tsarin ya ƙunshi ƙa'idar ceto, wato alamomin da idan suka bayyana za a cire kare daga gwajin a yi masa cikakken magani nan take: zazzaɓi, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko jini mai yawa a bayan gida, ko kasala mai tsanani, ko gudawar da ta kai mako guda ba sauƙi. Duk ma'aikacin da zai riƙe karnuka ya kamata ya yi rigakafin ciwon haukan kare, musamman inda ake kawo karnukan da ba a san tarihin allurarsu ba.

Mataki na uku, wato tantance karnukan da za su shiga, shi ne inda na fi son mai bincike ya zauna ya ɓata lokaci, domin gudawa alama ce kawai, kuma cututtukan da ke ƙarƙashinta suna da yawa. Za a fara da tarihi: yaushe ta fara, sau nawa a rana, me karen ya ci, an sauya masa abinci ko ya shiga bola, yaushe aka ba shi maganin tsutsa, waɗanne allurai aka yi masa. Ka tambayi mai karen a hankali ko ya riga ya ba shi wani abu daga kemis, domin da yawa sukan fara da Flagyl ko tetirasaikilin a gida kafin su zo, kuma ba sa faɗa sai an tambaya ba tare da nuna zargi ba. Karen da ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin wata ɗaya da ya wuce ba zai shiga ba. Sannan a auna nauyi da zafin jiki, a duba dasashi ko ya bushe ko ya yi fari, a ɗaga fatar wuya a ga ko tana komawa da sauri, a lallatsa ciki a ji ko akwai ciwo ko wani abu da ya toshe hanji. Zafin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2, wanda ya haura 39.5 a cire shi a nemi dalili.

A rubuta kuma ko gudawar ta ƙaramin hanji ce ko ta babba. Ta ƙaramin hanji takan zo da yawa a lokaci guda, wani lokaci da amai da rama, idan kuma akwai jini yakan fito baƙi. Ta babban hanji takan zo kaɗan-kaɗan sau da yawa, da majina da yunƙuri, jininta kuma ja ne.

Abubuwa biyu ne ba za a yi sakaci da su ba. Na farko cutar fabo, wato bairos mai kawo amai da gudawar jini, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 kuma har yau tana kashe 'yan kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba. Duk kare mai ƙarancin shekaru, ko wanda ba a kammala allurarsa ba, sai an yi masa gwajin gaggawa na bayan gida, kuma ya fi aminci a gwaji na farko a taƙaita ga karnukan da suka haura shekara ɗaya. Na biyu tsutsar ciki da ƙananan halittun da ke zama a hanji. A narka ɗan bayan gida a ruwan zink salfet, a juya shi a na'urar juyi, a duba abin da ya taso sama a madubin likita don neman ƙwan tsutsa mai ƙugiya da doguwar tsutsa da mai kama da bulala, da kuma jiyadiya. Jiyadiya ba kullum take fita a bayan gida ba, saboda haka samfuri ɗaya da bai nuna ta ba bai wanke karen ba. A wurin da tsutsa ta yi yawa, idan ka ce za ka cire duk karen da aka samu da ƙwai, za ka iya wayar gari babu wanda ya rage. Mafita ita ce a yanke hukunci tun a takarda: ko dai a cire su, ko a ba kowane kare a rukunonin biyu maganin tsutsa na fenbendazol miligiram 50 ga kowane kilo na nauyinsa tsawon kwana 3 zuwa 5, a kuma rubuta waɗanda aka samu da tsutsar don a yi la'akari da su wajen lissafi. Abin da bai halatta ba shi ne a ba wasu a hana wasu bisa ganin damar likitan da ke bakin aiki a ranar.

Wanda yake son ya yi bincikensa a kan fabo kanta, ba zai bar wani rukuni da kafson fanko kaɗai ba. Dukan 'yan kwikwiyon za su sami ƙarin ruwa da maganin amai da sauran kulawar da aka saba, sai a ɗora sabon abin a kan rabinsu. Haka aka yi a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu a 2003, inda aka nuna cewa fara ciyar da ɗan kwikwiyo da wuri ta bututun hanci ya fi barinsa da yunwa har amai ya tsaya. Haka kuma aka yi a Birazil a 2018 da 'yan kwikwiyo 66, inda dasa bayan gidan lafiyayyen kare a hanjin mara lafiya ya gaggauta tsayawar gudawa, ya kuma rage kwanakin kwanciya a asibiti.

Na huɗu, ka tsayar da ma'auni. Maganar mai kare cewa an samu sauƙi ba abin lissafi ba ce, don haka ake amfani da jadawalin maki mai hotuna. Na kamfanin Purina yana da mataki 7: maki 1 busasshen kashi ne mai tauri da ke fita gutsure-gutsure, 2 shi ne na lafiya wanda ake ɗauka bai bar komai a ƙasa ba, 3 yana da danshi amma yana riƙe siffarsa, daga 4 zuwa 6 yana ƙara sakewa, 7 kuwa ruwa ne tsululu. Na Waltham yana tafiya daga 1 zuwa 5 ne da rabi-rabi a tsakani. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, ka buga hotunan a kati mai launi, ka ba kowane mai kare ya tafi da shi tare da takardar da zai riƙa cikewa kullum. Sai ka fayyace abin da kake nufi da warkewa tun kafin a fara, alal misali bayan gida biyu a jere masu maki 3 ko ƙasa da haka, ka kuma ayyana cewa wannan shi ne babban ma'aunin gwajin. Sauran abubuwa, irin su cin abinci da amai da kuzari, a rubuta su a matsayin na biyu. Dalilin ayyanawar shi ne, wanda ya auna abu goma ya jira ya ga wanda ya yi kyau sannan ya kira shi babban sakamako, kusan kullum zai sami wani abin da zai nuna, ko da ruwa kawai ne maganin.

Akwai matsalar da ba kasafai rahotannin Turai da Amurka ke ambata ba, domin can mai kare yakan fita da shi da igiya ya kuma kwashe kashinsa da hannunsa. Karen gadi da ake saki da dare, ko na mafarauci da ke yawo a bayan gari, babu wanda ke ganin inda ya yi bayan gida. Sharaɗin shiga gwajin dole ya haɗa da yardar mai karen cewa zai tsare shi a keji ko a wani sashe na gida har a gama, kuma a san takamaiman mutumin da zai riƙa dubawa, ko shi ne ko yaron gida. Ya fi kyau a roƙe shi ya ɗauki hoto da waya ya turo ta WhatsApp, sai mutum ɗaya a asibiti, wanda bai san rukunin da karen yake ba, ya ba duk hotunan maki.

Idan gwajin a kan ciwon hanji mai daɗewa ne, akwai ma'aunin da Albert Jergens da abokan aikinsa suka fitar a 2003, mai duba abubuwa 6: kuzari, cin abinci, amai, taurin bayan gida, yawan fitarsa, da raguwar nauyi, kowanne da maki daga 0 zuwa 3. Jimlar da ta kai 9 ko fiye tana nuna ciwo mai tsanani. A 2007 Karin Allenspach da abokan aikinta a Bern ta ƙasar Siwizalan sun ƙara abubuwa uku a kai, wato yawan furotin ɗin albumin a jini, da taruwar ruwa a ciki ko kumburin ƙafafu, da ƙaiƙayi.

Mataki na biyar lissafin yawan karnukan da ake buƙata ne, kuma a nan ne ayyukan ɗalibai da yawa suke mutuwa tun ba a haife su ba. Akwai hanya mai sauƙi ta kintace ga rukuni biyu. Ka ɗauki gwargwadon yadda kwanakin warkewa ke warwatsuwa tsakanin karnuka, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 16, sannan ka raba da bambancin da kake son ganowa wanda shi ma aka ninka da kansa. Idan warwatsuwar kwana 2 ce kuma kana son gano bambancin kwana 1, amsar ita ce karnuka 64 a kowane rukuni. Idan bambancin kwana 2 kake nema, 16 sun isa, sai dai maganin da zai rage kwana 2 daga ciwon da duka-duka kwana 4 ko 5 yake yi ba abu ne da ake yawan samu ba. Ka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda waɗanda za su ɓace a hanya, 64 ta koma kusan 75. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Mishigan a 2020 da karnuka 31 ya samu cewa metronidazol ya rage kwanakin daga 3.6 zuwa 2.1, saɓanin abin da aka gani a Fulorida, kuma ƙarancin karnuka a gwaje-gwajen biyu yana cikin dalilan da suka sa har yanzu ake muhawara. Ka duba rajistar asibitinku ta bara ka ƙirga karnuka nawa ne za su cika sharuɗɗanka. Idan ba za su kai ba a lokacin da kake da shi, ka haɗa gwiwa da wani asibiti, ko ka kira aikin gwajin share fage ka faɗi hakan a fili.

Na shida, rabo ta hanyar ƙuri'a da ɓoye wa kowa rukunin da kare ya faɗa. Bai kamata likita ya zaɓa ba, domin zuciyarsa za ta sa ya tura karen da ya fi jigata wajen maganin gaske, ko kuma akasin haka. Raba su bisa ranar zuwa ko lambar kati shi ma ba ƙuri'a ba ne, tun da ana iya sanin na gaba. Wani mutum da ba ya duba karnukan, kamar mai kula da ɗakin magani, shi zai shirya jerin. Hanya mai kyau ita ce ta huɗu-huɗu: idan A magani ne, B kuma fanko, akwai hanyoyi 6 na jera A biyu da B biyu, sai ya ba kowace lamba daga 1 zuwa 6, ya riƙa jefa ƙwayar ludo yana rubuta jerin da ya fito har adadin ya cika. Da haka rukunonin ba za su yi wa juna nisa ba ko da an tsaya a tsakiya. Sai ya zuba maganin da na fanko a kafso iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, a robobi masu lamba kawai, ya kulle takardar da ke fassara lambobin, ya kuma ajiye ambulan rufaffe ga kowane kare wanda za a buɗe idan larurar ceto ta taso. Metronidazol yana da ɗaci ƙwarai, kare yakan yi ta dalalar da yawu idan ya tauna shi, saboda haka kada a ba da shi a buɗe, in ba haka ba mai karen zai gane.

Wani zai ce ai kare bai san ana ba shi magani ba, me ya sa za a wahala da ɓoyewa? Amsar ita ce mutum ne ke ba da makin. A wani bincike na 2012 a kan karnuka masu ɗingishi saboda ciwon gaɓoɓi, kusan kashi 40 cikin 100 na lokuta masu karnukan da aka ba maganin fanko sun ce sun ga sauƙi, likitocin da suka duba su ma haka, alhali na'urar da ke auna yadda kare ke taka ƙasa ba ta nuna wani canji na a-zo-a-gani ba.

Abinci shi ne na bakwai, kuma yana da ƙarfin da zai iya rufe tasirin kowane magani. A binciken Bern da aka ambata, daga karnuka 70 masu ciwon hanji mai daɗewa, 39 sun samu sauƙi da sauya abinci kaɗai. Don haka kowane kare a gwajin zai ci abu ɗaya, a awo ɗaya gwargwadon nauyinsa. Idan abincin kanti na masu ciwon ciki ya yi tsada, dafaffiyar farar shinkafa da naman kaza marar fata da kitse sun wadatar na mako guda, a ba shi kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana. A hana ragowar tuwo da miya, da ƙashi, da madara, da kayan cikin da ake samowa daga mahauta, a kuma tanadi gurbi a takardar kullum inda mai kare zai rubuta idan an karya wannan doka. Ruwan sha mai tsabta ya kasance a gabansa koyaushe.

Wanda ke da halin duba ƙwayoyin halittar hanji zai ɗebi bayan gida a ranar farko, da ranar da aka gama magani, da kuma bayan mako 4, a daskarar da shi nan da nan, a digiri 80 ƙasa da sifili idan akwai irin wannan firiza. Samfurin da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗauke wuta ya lalace, don haka inda lantarki ba shi da tabbas gara a zuba shi a ruwan adana samfuri da ake sayarwa don wannan aiki. Amfanin ɗiba na ƙarshen ya fito a aikin da Rachel Pilla da Jan Suchodolski na Jami'ar Texas A&M suka wallafa a 2020, inda metronidazol na mako 2 ya hargitsa ƙwayoyin hanjin lafiyayyun karnuka, kuma wasunsu ba su koma daidai ba har mako 4 bayan an daina. Wannan illa ce da makin bayan gida ba zai nuna ba. Tun a 2011 ma wani gwaji a Munik ta Jamus ya nuna cewa karnuka masu gudawar jini, waɗanda babu alamar cuta ta shiga jininsu, ba su amfana da maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin da kilabulanik ba.

Bibiya aikin kullum ce. A kira kowane mai kare a waya a lokaci ɗaya kowace rana, a yi masa tambayoyi iri ɗaya, a dawo da karen asibiti a rana ta 7 tare da robar maganin don a ƙirga kafson da ya rage. Duk abin da ya faru da kare a lokacin gwajin a rubuta shi, ko da ana ganin bai shafi maganin ba. Wanda ya janye, ko wayarsa ta daina shiga, ko aka cece shi da wani magani, ba a goge sunansa, a rubuta dalilin a kuma lissafa shi a rukunin da ƙuri'a ta sa shi tun farko. Cire irin waɗannan yakan sa magani ya yi kyan da ba shi da shi, domin sau da yawa waɗanda bai yi wa aiki ba su ne ke tafiya.

Ba a buɗe takardar lambobin sai an shigar da dukan bayanai a kwamfuta, mutum na biyu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar, an kuma rufe fayil ɗin. Tun da abin da ake aunawa kwanaki ne zuwa warkewa, kuma wasu karnukan ba za su warke ba kafin a rufe, hanyar lissafi ta Kaplan da Meier, wadda ke bin lokacin da kowane kare ya warke, ta fi kwatanta matsakaici kawai dacewa, kuma yana da kyau a nemi masanin ƙididdiga tun lokacin rubuta tsari. A rahoton a faɗi karnuka nawa aka duba, nawa aka cire da dalilin cirewa, nawa suka shiga kowane rukuni, nawa suka kammala, sannan a ba da girman bambancin a kwanaki tare da iyakokin da ake kyautata zaton gaskiyar tana tsakaninsu. Idan ba a sami bambanci ba, a tura aikin mujalla kamar yadda za a tura shi da an samu, a kuma kira masu karnukan a gaya wa kowannensu abin da aka ba karensa da abin da gwajin ya nuna.